KYANWARKA DA LAMBUN MAƘWABCINKA: WA ZAI BIYA ƁARNA?



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicce mu, Ya halicci dabbobi, Ya ɗora mana amanarsu. Tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, yau za mu taɓa wata mas'ala wadda wani zai gani ya yi dariya, ya ce Malam ya rasa abin rubutu sai maganar mage. To, a daure a karanta har ƙarshe. Duk limamin da ake kawo wa ƙara bayan sallar Asuba ko ta Isha'i ya san gidaje nawa suka daina gaisawa saboda kyanwa ta ɗauke ɗan tsako, ko ta tone fangalin alayyafo ta yi kashi a ciki, ko akuya ta tsallake danga ta kwashe zogale. Da safe a yi cacar baki ta kan katanga, da yamma yara su dambace a bakin rijiya, bayan kwana biyu a wayi gari a tarar da magen a mace an ba ta shinkafar ɓera. Daga nan an shiga gaba, har suna da biki a daina zuwa.

ME YA SA MAGANAR BA ƘARAMA BA CE A WAJENMU

Ku dubi halin da ƙasar Batsari da ta Safana suke ciki a 'yan shekarun nan. Gonakin da suke kusa da dajin Rugu, da yawa sun gagari masu su. Ba mu manta da abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a watan Fabrairu na 2020 ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, mu ma muna ciki. Mutane sun baro ƙauyukansu sun dawo cikin gari, gida ɗaya ya koma ɗaukar iyali biyu ko uku. Wanda aka kore wa shanu, 'yan awakin da suka rage ya jawo su cikin gida.

Saboda haka abin da a da ake ganin wasan mata ne, yau shi ne abinci. 'Yar shukar bayan ɗaki, rama da yakuwa da kuɓewa da lalo, ita ce miyar gidan. Kaji biyar na matar da mijinta ya rasu su ne kuɗin maganin ɗanta, su ne kuɗin Islamiyya. Ranar da muzurun gidanka ya cinye mata tsaki uku, a wajenka abin dariya ne, ita kuwa jarinta ne ya tafi. Ga kuma cunkoso: da tazara tsakanin gida da gida, yanzu katanga ɗaya ce ko zana ɗaya. Dole mu san abin da Shari'a ta ce.

ITA KYANWAR BA TA DA LAIFI

Mu fara da wannan, domin wasu sun ɗauki mage abokiyar gaba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, haka ma Abu Dawud da Tirmizi, cewa Kabsha 'yar Ka'abu bin Malik, matar ɗan Abu Ƙatada (RA), ta zuba wa surukinta ruwan alwala, sai kyanwa ta zo za ta sha. Abu Ƙatada ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Da ya ga Kabsha tana kallonsa da mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawo a tsakaninmu a gidaje.

Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya: Abu Huraira (RA). Tirmizi ya ruwaito daga gare shi cewa lokacin da yake kiwon tumakin gidansu yana da wata 'yar kyanwa da yake tafiya da ita yana wasa da ita, daga nan sunan ya bi shi. Amma labarin da ake yawo da shi a Facebook da WhatsApp, wai Annabi (SAW) yana da kyanwa mai suna Mu'izza har ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashe ta daga barci, wannan ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi. A daina yaɗa shi. Abin da ya inganta ya ishe mu.

Kuma ga amfani a fili. Gidan da ke da rumbu ko buhunan gero da dawa ya san darajar mage. Ɓera yana cin hatsi, yana lalata abin da bai ci ba, sannan yana ɗauke da cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci.

To amma a lura da wani bambanci da ɗaliban fiƙihu suka sani. Bakin kyanwa da sauran ruwan da ta sha masu tsarki ne, amma kashinta da fitsarinta najasa ne a mazhabarmu ta Malikiyya. Idan magenka ta mayar da yashin da maƙwabci ya tara, ko inda matarsa take shimfiɗa tabarmar sallah, ko fangalin latas ɗinsa, wurin biyan buƙatarta, ka saka shi cikin wahala ta gaske. Likitoci ma sun tabbatar kashin kyanwa yana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta mai haɗari ga mace mai juna biyu da abin da ke cikinta. Don haka idan ya yi ƙorafi, kada ka ce tsirfa ce.

HUKUNCIN DABBAR DA TA SHIGA SHUKAR WANI

Wannan shari'a tsohuwa ce ƙwarai, har Alƙur'ani ya ambace ta. A Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, Allah Ya ba mu labarin Annabi Dawud da ɗansa Annabi Sulaimanu (AS) suna hukunci a kan wata gona da tumakin wasu mutane suka shiga cikin dare suka yi ɓarna. Malaman tafsiri, irin su Ɗabari da Ibn Kasir, sun kawo cewa Annabi Dawud ya hukunta a ba mai gona tumakin. Annabi Sulaimanu kuma ya ga a miƙa wa mai gona tumakin ya riƙa amfana da nononsu da gashinsu, su kuma masu tumakin su kama aikin gonar har ta dawo yadda take, sannan kowa ya karɓi abinsa. Allah Ya ce Shi Ya fahimtar da Sulaimanu, kuma Ya yabe su su biyun da ilimi da hukunci.

Ku tsaya ku duba, 'yan'uwa. Annabawa biyu, sarakuna, suka zauna a kan ɓarnar tumaki, kuma Allah Ya saukar da labarin ana karanta shi a sallah har tashin duniya. Wane ne kai da za ka ce wa maƙwabcinka, "Haba, a kan wannan ɗan abin za ka yi magana?"

A zamanin Manzon Allah (SAW) ma an yi. Taguwar Bara'u bin Azib (RA) ta shiga lambun wani mutum ta yi ɓarna. Sai Annabi (SAW) ya yanke cewa tsare lambu da rana yana kan masu lambu, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma masu dabbobin ne za su biya. Yana cikin Muwaɗɗa, Abu Dawud da Ibn Majah ma sun kawo shi. A kan wannan Malik da Shafi'i da Ahmad suka tafi. Imamu Abu Hanifa yana da wata fahimtar, yana ganin babu biya idan dabbar ita kaɗai ce ba mai ita a tare da ita. Amma mu a ƙasar nan abin da muka gada, wanda ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da ake karantawa a zaurukanmu, shi ne na farkon.

Sai dai kada wani ya riƙe rabin magana ya ce, "Ai da rana ne, ba ni da laifi." Shaikh Khalil a Mukhtasar ya sa sharaɗi: rashin biyan ɓarnar rana yana nan ne idan babu makiyayi tare da dabbobin, kuma an sake su ne nesa da gonaki. In akwai mai kiwo tare da su ya yi sakaci, shi zai biya. Wanda kuma ya kwance akuyarsa a tsakiyar shuka, ai shi ya kai ta. Shi ya sa al'adarmu ta yin shela da faɗuwar damina, cewa kowa ya ɗaure dabbarsa sai an kawar da amfani, ta dace da Shari'a sarai. Khalil ya ƙara da abu biyu masu muhimmanci. Na ɗaya, mai dabba zai biya ko da kuɗin ɓarnar ya fi kuɗin dabbar. Na biyu, shukar da ba ta nuna ba ana yi mata ƙima ne tsakanin fata da tsoro, wato a duba nawa za a saye ta a halin da take, alhali tana iya yin kyau tana iya lalacewa. Mai gona ba zai tsuga kuɗi kamar ya riga ya girbe ba, mai dabba kuma ba zai ce ai ciyawa ce kawai ba.

TO ITA MAGE FA?

Wani zai ce, "Malam, akuya ana ɗaure ta a turke, mage fa wa ya taɓa ɗaure ta?" Gaskiya ne, kuma malamai ba su manta da wannan ba. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya yi maganar kyanwa da sunanta a littafinsa Minhajuɗ Ɗalibin. Abin da ya rinjayar shi ne: kyanwar da ta cinye tsuntsun wani ko abincinsa, idan an riga an san ta da wannan hali, mai ita zai biya, dare ne ko rana. Idan kuwa ba a san ta da shi ba, babu biya. Ibn Ƙudama, wanda ya rasu a 620, ya faɗi irin wannan a Almugni game da wanda ya ajiye kyanwa mai cin tsakin mutane. Ya kuma ƙara da cewa idan magen ta zo gidan mutum ne da kanta, bai ajiye ta ba bai zaɓe ta ba, to ba a bin sa bashin ɓarnarta. Malaman Malikiyya ma suna da ƙa'ida makamanciyar wannan a kan dabbar da ta shahara da ɓarna: in aka gargaɗi mai ita bai tsare ta ba, abin da ta lalata yana wuyansa ko da tsakar rana ne.

Kun ga inda maganar ta tsaya? A kan sani. Karo na farko ƙaddara ce, a ba da haƙuri, in ka biya don kyautatawa Allah Ya ba ka lada. Amma daga ranar da maƙwabci ya yi sallama ya ce maka, "Wane, mussar gidanka ce ke kwashe mani 'yan tsaki," kuma abin ya tabbata, hukunci ya canza. Yanzu ka sani. Duk tsakon da ya sake tafiya, bashi ne a kanka.

Akwai kuma wata dabara da ake yi wadda ba ta da kyau. Lokacin da mage take kama ɓera a rumbu, taka ce, har suna ka sa mata, yara suna ba ta madara. Ranar da ta yi ɓarna sai ka ce, "Ni ba tawa ba ce, zuwa kawai take yi." Ɗan'uwa, mai unguwa za ka iya ruɗawa, amma Wanda za ka tsaya gabanSa Ya san wa yake ciyar da ita. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya rantse har sau uku yana kore cikar imani daga mutumin da maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba. Cutar da ta fito daga gidanka, ko ta bakinka ta fito, ko ta kwatarka, ko ta dabbarka, duk sunanta cuta.

KAI KUMA DA AKA YI WA ƁARNA, GA IYAKARKA

An cuce ka, mun yarda. Amma zalunci ba ya halatta maka naka zaluncin. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Umar (RA) labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa da kanta ba, har ta mutu. Wannan fa yunwa ce kawai ta bar ta da ita. To ina ga wanda ya watsa mata tafasasshen ruwa? Ina ga wanda ya sa yara suka rufe ta da jifa, ko ya ɗaure ta a buhu ya jefa a rijiya?

Guba kuwa ita ce mafi muni, domin ba ta san wanda aka nufa da ita ba. Ka barbaɗa shinkafar ɓera a kan kan kifi ka ajiye a gindin danga. Kazar wani ta tsattsaga ta mutu. Kare ya ci. Yaro mai rarrafe, naka ko na maƙwabci, ya tsinta ya kai baki. Inna lillahi! A kan tsako guda ka ɗauki alhakin rai?

Ƙa'idar malamai a kan kore mai cutarwa ita ce a fara da mafi sauƙi. Ka kore ta da tsawa ko da yayyafin ruwa. Ka toshe inda take shigowa. Ka gaya wa mai ita. In ya ƙi ji, ka kai wa liman ko mai unguwa. Malamai sun yi maganar kashe kyanwar da cutarwarta ta wuce misali, wadda aka rasa kowace hanyar kare kai daga gare ta, amma wannan mataki ne na ƙarshe, ba a yanke shi cikin fushi, kuma ko an kai can babu izinin azabtarwa. Muslim ya ruwaito daga Shaddad bin Aus (RA) cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen yanka.

Sannan ka tabbatar kafin ka zargi gidan wani. Ba mage kaɗai ke cin tsaki ba. Akwai shirwa, akwai gafiya, akwai tunku, akwai maciji, akwai kuma muzurun da ba na kowa ba. Don ka ga kyanwar Wane a kan katanga, ba shi ke nuna ita ta ci ba.

Wani abu kuma da ya wajaba mu faɗa ƙarara. Akwai masu cewa baƙar magen da take shigowa da dare turo ta aka yi, wai tsohuwar gidan can mayya ce take rikiɗa. Subhanallah! Daga ɓatan ɗan tsako an koma jifan Musulma da maita. Wannan ƙazafi ne mai girma, ba shi da hujja ko ɗaya, kuma irinsa ya sha jawo a wulaƙanta bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Mage ƙamshin kifi ta biyo, ba wanda ya aiko ta.

ABIN DA KOWA ZAI YI TUN YAU

Mai kyanwa:

1. Ka ciyar da ita. Yawancin yawon mage a gidajen mutane yunwa ce. Wanda ya ajiye ta ya ce ta ci ɓera kawai, shi ya tura ta akurkin maƙwabta.
2. Ka samu tsohon baho ko daro ka zuba yashi, ka ajiye mata a lungu, a riƙa zubarwa ana sabuntawa. Kyanwa tana son ƙasa mai laushi, in ta samu a gida ba ta cika neman fangalin wani ba.
3. In an san ta da ɗaukar tsaki, ka rufe ta da dare a ɗakin ajiya, da ruwa da abinci. Can ma ɓerayen suke.
4. In ta gagare ka, ka ba wanda yake buƙatarta a shago ko wajen ajiyar hatsi, nesa da masu kaji. In ta haihu, kada a kwashe 'ya'yan tun ba su buɗe ido ba a zubar a juji. A bari su yi ƙwari a raba wa masu so.

Mai lambu da mai kaji:

1. Ka gyara dangarka. Shari'a ta ɗora maka tsaron rana, kuma rigakafi ya fi magani.
2. Ka shimfiɗa ƙaya, ta aduwa ko ta magarya, a kan fangalin da aka yi sabuwar shuka har ta yi ƙarfi. Mage ba ta tona inda ƙaya take.
3. A sa wa akurki ƙofa ko raga, a rufe kaji tun magariba. Kifi da nama da nono a rufe su. Ba a ba kura ajiyar nama.

IDAN ƁARNA TA RIGA TA AUKU

Ka je da kanka, ka yi sallama, ka yi magana a asirce. Kada ka aika yaro da baƙar magana, kada mata su yi ta habaici ta kan zana, kada ka hau Facebook ka rubuta. Shi kuma wanda aka zo wa, kalmar farko da ta kamace shi ita ce, "Don Allah ka yi haƙuri, nawa ne abin?" Wallahi sau da yawa wannan kalmar kaɗai tana kashe wutar, sai ka ji mai kayan ya ce, "Haba, bar shi, na yafe." Abin da ke ƙona rai shi ne raini, a yi maka ɓarna sannan a ce ka yi abin da za ka yi.

In ba a daidaita ba, a kira dattawa biyu da suka san farashin abin a kasuwa su yi ƙima. In ya wuce nan, ga mai unguwa, ga dagaci, ga hakimi, ga kotun Shari'a. Ina kuma roƙon masu riƙe da waɗannan muƙamai, tun daga ƙasar Sarkin Ruma har ta Yarima, su ji tsoron Allah a irin waɗannan ƙananan shari'o'i. Kada a duba wane ne mai akuyar, kada a duba ɗan gari ne ko ɗan gudun hijira, Bahaushe ne ko Bafulatani. Mu mutanen yankin nan mun ga inda ɓarnar gona da ba a yi adalci a kanta ba take kai al'umma. Wani an yi masa ɓarna an hana shi haƙƙinsa, wani an ci shi tarar da ta ninka ɓarnar sau da yawa, kowa ya tafi da abin a zuciya. Ba shi kaɗai ne sanadin halin da muke ciki ba, amma dattawanmu sun san yana cikin tsagar da ƙadangare ya samu ya shiga. Adalcin da ba mu iya yi a kan tsako ba, yaya za mu yi shi a kan garken shanu?

Mai yafewa kuma ladansa yana wajen Allah. Mai hali da aka cinye wa kaza ɗaya, in ya bar wa talakan maƙwabcinsa, ya yi ciniki mai riba. Amma yafiya kyauta ce daga mai haƙƙi, ba a tilasta masa ita, kuma mai laifi ba shi ne zai yafe wa kansa ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa ranar Alƙiyama za a mayar wa kowa haƙƙinsa, har tunkiya marar ƙaho sai an rama mata abin da mai ƙaho ta yi mata. Idan tsakanin dabba da dabba ma sai an yi hisabi, to wanda ya san akwai kuɗin tsakin wata baiwar Allah a wuyansa, ya kai mata tun yau, tun ana biya da naira.

Allah Ya ba mu ikon kiyaye haƙƙin maƙwabtanmu da na dabbobin da ke ƙarƙashinmu. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Batsari da Safana da jihar Katsina da Najeriya baki ɗaya. Allah Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, Ya sa albarka a gonakinmu da lambunanmu da dabbobinmu. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai gani ba.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum warahmatullah.